Daga takardar masu bincike zuwa bakin yaro: ina magani yake tsayawa?



An ce in yi magana a kan yadda sakamakon binciken kiwon lafiya yake zama aiki. Ɗan kasuwa zai riga kowa fahimtar batun, domin ya san kayan da suka sauka a tashar jirgin ruwa ba su zama haja ba sai sun iso rumfa, kuma tsakanin wuraren biyu akwai kuɗin mota, da ƴan dako, da kwastan, da ruwan sama. Haka ilimin likita yake. Wani ƙiyasi da aka yi a Amurka a 2000 ya ce sakamakon bincike yakan ɗauki kimanin shekara 17 kafin ya shiga aikin yau da kullum. In haka abin yake a ƙasa mai wadata, ya kamata mu dubi tamu hanyar, mu ga inda kaya suke maƙalewa.

Bari mu ɗauki masassarar cizon sauro. A Sahel yawancin ciwon yana taruwa ne cikin watanni kaɗan na damina da bayanta. Tun farkon shekarun 2000 masu bincike a Senegal, da Mali, da Burkina Faso, da Gambiya suka gwada wata dabara: a ba yaro mai lafiya magani sau ɗaya kowane wata a lokacin nan, domin ƙwayar cutar ta tarar da maganin a jininsa. Gwajin ya nuna ana iya hana kusan kashi 75 cikin 100 na kamuwa. A watan Maris na 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ba da shawarar a yi wa yara daga wata 3 zuwa wata 59, kuma a 2013 aka soma a Nijar, a gundumomi irin su Magarya, da Madawa, da Gidan Rumji, da haɗin gwiwar ma'aikatar kiwon lafiya da ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka. Shi ne abin da ake kira CPS.

A takarda aikin ba shi da wuya. Ranar farko ma'aikaci yana ba yaro magunguna biyu a gabansa, sauran kwana biyu uwa ce take ba da ƙwayar amodiyakin a gida, bayan kwana 28 a sake. To amma ku dubi lokacin da ake yin sa, daga Yuli zuwa Oktoba. Mata suna gona tun da safe, wasu iyalan sun koma bukkokin gona, gulbi ya cika, hanyar ƙauye ta yanke. Amodiyakin kuma yana da ɗaci, yaro ya kan tofar ko ya amayar. Wata uwa takan adana ƙwayoyin biyu don ranar da yaron zai yi zazzaɓi, ko ta raba wa yayansa, kuma ba wauta ta yi ba: a saninta, ba a ba mai lafiya magani. Idan maganin ya makara da mako uku a sito a Yamai, zagaye guda ya tafi, sauro kuwa bai jira ba.

Saboda haka dabarar farko ita ce a tsara aikin bisa rayuwar mutane. A nan aka koyi bin gida gida maimakon jiran mata a wuri guda, aka ɗauki masu rabo daga cikin ƴan garin, aka sa mai gari da liman da gidajen rediyon karkara su sanar da ranakun, aka kuma samar da ƙwaya mai narkewa a ruwa mai ɗan zaƙi. An haɗa rabon da auna tamowa, tunda yaron da ake nema ɗaya ne. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya fito daga ɗakin gwaji, amma da babu su da kashi 75 ɗin nan ya zauna a takarda.

Dabara ta biyu ita ce a miƙa kayan aiki ga wanda ya fi kusa da yaro. Kun san zaren awon dantse mai launi uku: kore lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuwa, wato ƙasa da milimita 115, tamowa mai tsanani. Da can ma'aikata kaɗai ke riƙe shi. A 2013 da 2014, a gundumar Mirya ta jihar Damagaram, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka koya wa uwaye awon, suka kwatanta da yankin da ma'aikatan sa-kai ke yi. Uwayen ba su gaza ba, yaran da suka kawo kuma ba su kai ga kwanciya asibiti da yawa ba, domin an gano su da wuri. Wannan bincike a ƙasarmu aka yi shi, kuma ƙasashe da dama sun ɗauki dabarar daga baya.

Dabara ta uku ita ce kuɗi, kuma a nan muke da darasi mai ciwo. A 2006, zamanin shugaba Tanja Mamadu, aka ayyana magani kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki. Hujjar tana da ƙarfi, domin bincike a ƙasashe da yawa ya nuna ko kuɗi kaɗan ne yana hana talaka zuwa likita. Jama'a sun amsa, yara suka cika gidajen likita. Wani nazari da ya fito a 2012 ya nuna mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara 5 ta sauko daga 226 cikin 1000 a 1998 zuwa 128 a 2009, kuma ya lissafa kyautar cikin dalilan, tare da gidan sauro, da ƙananan gidajen likita na ƙauye, da yaƙi da tamowa.

Sai dai tsarin ya ce gidan likita ya yi magani, ya aika da takardun kuɗi, baitulmali ya biya. Biyan ya riƙa makara da watanni, wani lokaci da shekaru, bashi ya taru ya kai biliyoyin sefa. Masu bincike na cibiyar LASDEL a Yamai, ciki har da Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun rubuta abin da ya biyo baya: kantar magani ta gidan likita ta ƙare, aka koma rubuta wa uwa takarda ta je ta saya a waje. Alhazai, wane ne cikinku zai ci gaba da ba da kaya bashi shekara guda, ya kuma sake saro wasu? Shugaban gidan likitan ƙauye aka ɗora wa wannan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk shawarar da aka sa wa hannu ba tare da an lissafa kuɗinta, an ware shi cikin kasafi, an kuma tsayar da ranar biya ba, ma'aikacin ƙasa ne zai sha zagin jama'a a kanta.

Dabara ta huɗu ita ce ƙidaya ta gaskiya. Rahoton da ya ce an kai kashi 105 cikin 100 na yara ba abin tafi ba ne, alama ce ta ko dai ba a san yawan yaran ba, ko an cika takarda a ƙarƙashin bishiya. Adadin ƙwayoyin da aka raba dabam, adadin yaran da suka sha na kwana uku a dukan zagaye dabam, kuma na biyun ne ke hana mutuwa. Don haka ya kamata bincike ya bi aiki a baya, ana shiga gidaje ana tambaya, ana duba ko ƙwayar cutar ta fara bijire wa magani. Muna da Jami'ar Abdu Mumuni, da cibiyar CERMES, da jami'o'in jihohi. Aikinsu ne, in an ba su abin yi da shi. Shugaban da yake hukunta mai kawo ƙaramin adadi kuwa, shi ya koya wa ma'aikatansa ƙarya.

To, mene ne namu a ciki? Ma'aikacin da takardar biyan gidan likita ta zo teburinsa, ya san cewa kowane mako da ta kwana akwai kantar magani da ke raguwa. Ɗan kasuwa mai mota zai iya kai kaya inda motar gunduma ta kasa, kuma kada ya karɓi maganin rabo a rumfarsa. Mai gida ya tambayi iyalinsa ko an ba yaro ƙwayar rana ta biyu da ta uku. Mu ƴan jarida kuma mu rage ɗaukar hoton bikin ƙaddamarwa, mu koma garin bayan wata uku mu tambayi zagaye nawa aka yi, an biya masu rabo ko ba a biya ba.

A Janairun 2025 OMS ta tabbatar cewa Nijar ce ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da yaɗuwar makantar kogi, bayan shekaru masu yawa na feshi, da rabon magani, da sa ido. Wannan ya nuna muna iya kai aiki ƙarshe in an riƙe shi. Damina tana zuwa, ina roƙon kowa ya nemi sanin ranar zagayen farko a unguwarsa.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.