Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya: Kula Da Kai Ba Tare Da Kashe Ko Dala Ba

(Jawabin da aka gabatar a zaman mambobi na ƙarshen wata, a Maradi)

 

Na san da yawa daga cikinku kun zo da shirin jin batun tsadar hatsi, ko ɗaukewar wuta, ko famfon unguwa da ya ƙafe. Waɗannan duk suna nan, ba su je ko'ina ba, kuma za mu koma kansu. Yau dai ku ara mini kunnuwanku mu yi magana kan wanda yake ɗauke da waɗannan kaya duka a ka, wato ni da ku. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. To mu da muke ta ja wa jama'a ruwa, yaushe rabon da mu duba namu cikin?

Bari in fara da kaina, don kada a ce ina wa'azin abin da ban taɓa ba. Bara, a tsakiyar bazara, na yi kusan wata biyu ba na barcin kirki. In na kwanta sai lissafi ya taso: kuɗin haya, kuɗin makarantar yara, taron gobe, wane ya yi fushi, wance ba ta ɗauki waya ba. Ƙeyata kullum tana sara. Wata rana ƴata ƙarama ta kawo mini ruwa, kofin ya ɗan zube a kan takarduna, na daka mata tsawar da har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Yarinyar ta yi kwana biyu tana raɓe-raɓe in ta gan ni.

Bayan haka na raka tsohuwata gidan likita awo. Da aka gama da ita, ma'aikaciyar ta dube ni ta ce, "Malam, kai ma miƙo hannu." Na yi dariya, na ce ni rakiya na zo. Ta nace. Awo ya nuna 17 bisa 10. Ta sa na huta, ta sake, bai sauka ba. Ta ce in dawo bayan kwana biyu, na dawo, yana nan. Ta rubuta mini magani, sannan ta tambaye ni abu biyu: yaya barcina, kuma yaushe rabona da tafiyar ƙafa ta rabin awa. Wallahi na rasa amsa. Ko shagon bakin layi da babur nake zuwa.

Ba ni kaɗai ba ne. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar a 2023, ta ce cikin manya uku a duniya ɗaya na da hawan jini, kuma kusan rabin masu shi ba su san suna da shi ba. Daga 14 bisa 9 zuwa sama ake kiran shi hawan jini. Sau da yawa ba ya ciwo, ba ya ba da sanarwa, sai ranar da mutum ya faɗi a ce ɓarin jiki ya shanye. Ku duba zauren nan, ku ƙirga uku-uku.

Me ya haɗa damuwa da wannan? Allah Ya yi jikin ɗan Adam da shirin ko-ta-kwana. In ka ga maciji a gona, nan take jiki ya saki wasu sinadarai cikin jini, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarce, tsoka ta ɗaure, don ka gudu ko ka kare kanka. Maciji ya wuce, jiki ya koma daidai. Matsalar ita ce jiki ba ya bambance maciji da mai bin bashi. Kuma namu macizan ba sa wucewa. Ku tuna 2023, da CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, kasuwar Maradi ta tsaya cik. Ku tuna ambaliyar 2024, gidaje nawa suka rushe a jihar nan, har tsohon masallacin Damagaram sai da ya faɗi. Jikin da ya shekara biyu, uku, cikin ko-ta-kwana, dole wani wuri ya tsage: barci, ciki, jini, ko haƙuri da iyali.

Mun san abin da muke gudu wurinsa in abin ya yi yawa. Shayi mai kauri da sukari har zagaye uku, da tsakar dare. Ƙwayar ciwon kai daga tiren mai talla, wadda ta sha rana har ta gaji. Wasu ƙannenmu kuma tramol, don su iya aikin da ya fi ƙarfin jikinsu. Duk waɗannan kuɗi ake sa musu, kuma bashi ne jiki yake ci, wata rana zai biya.

Abu biyu na zo da su yau, kuma ko dala ba za a karɓa hannun kowa ba. Na farko zaman natsuwa da numfashi. Na biyu motsa jiki a hankali.

Mu fara da numfashi. Bugun zuciya ba ya hannunka, narkar da abinci ba ya hannunka, amma numfashi yana hannunka, kuma ta nan ake shiga a lallashi sauran. Duk lokacin da ka fitar da iska a hankali, akwai wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya zuwa zuciya da ciki, ita ke rage wa zuciya gudu. Shi ya sa fitar da iska ya kamata ya fi shaƙa tsawo.

Mu gwada yanzu, kowa a inda yake. Ku kife wayoyi. Ku miƙe baya, ba sai kun sandare ba. Ku saki kafaɗu. Hannu ɗaya a kan ciki. Ku shaƙa ta hanci, ina ƙirgawa: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ciki ne zai taso, ba ƙirji ba. Yanzu ku saki a hankali: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida. Mu sake. Haka ɗin. In kun lissafa, numfashi shida ke nan a minti ɗaya. Wanda ya ji jiri ya daina ƙirga, ya yi numfashinsa na kullum.

Na tabbata kafin mu kai na uku hankalin wasu ya tafi kasuwa, na wasu ya tafi kan tukunya. Ba laifi ba ne, haka zuciya take, kamar akuyar da aka ɗaure sabon turke. In ka lura ta tafi, ka jawo ta a hankali ka dawo da ita kan numfashi, ba zagi, ba duka. Wannan jawowar ita ce aikin gaba ɗaya. Minti biyar da safe, minti biyar kafin barci. Wanda ya saba ya kai goma.

Na ga Alhaji yana kallona, na san tambayar: wannan ba addinin wasu ba ne? Tambaya ce mai kyau. Gaskiya ne mutanen Indiya da sauran ƙasashen Asiya suna da tsofaffin hanyoyinsu na irin wannan zama, haɗe da aƙidunsu. Ni ban zo da aƙidar kowa ba, huhu na kowa ne. Wani likitan zuciya na jami'ar Harvard a Amurka, Herbert Benson, ya fitar da littafi a 1975 kan abin da ke faruwa a jiki lokacin natsuwa. Ya ce abu biyu ake bukata: ka riƙa maimaita kalma, ko addu'a, ko numfashi, kuma in tunani ya kutso ka bar shi ya wuce ka dawo. Da na karanta sai na tuna kakata, da take zama kan buzu bayan Asuba da carbi a hannu har rana ta fito, ba mai iya sa ta gaggawa. Ashe abin yana cikin gidanmu, mu ne muka sallame salla muka zabura kan waya. Musulminmu da Kiristanmu, kowa ya san kalmomin da zuciyarsa ke kwanciya da su. Ya zauna da su, ya ba su lokaci.

Sai motsa jiki. OMS ta ce babba yana bukatar aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici. Wato rabin awa, kwana biyar. Ba sai da takalmin ƴan ƙwallo ba, ba sai an biya kuɗin gidan motsa jiki ba. Tafiya ce da ɗan sauri, wadda za ka iya hira a cikinta amma ba za ka iya rera waƙa ba. In rabin awa ta yi yawa, a raba: goma da safe, goma da marece, goma bayan tuwon dare. Ta bayan cin abinci ma tana taimaka wa jiki ya rage sukarin jini. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke haura 40, kada wanda ya fita da tsakar rana. Bayan Asuba ko gab da Magariba, kuma a sha ruwa.

Ɗan kabu-kabu da ya yini kan babur, tela da ya duƙa kan keke, ma'aikacin da ke gaban kwamfuta, ɗan fada da ya zauna tun hantsi: duk awa ɗaya a tashi. A juya wuya dama da hagu a hankali. A mirgina kafaɗu baya sau goma. A dafa ƙugu a ɗan banƙare. A dafa bango a ɗaga dugadugai a sauke. Minti biyu ya isa. Dattawan da suka haura 65, ku dafa kujera ku tsaya kan ƙafa ɗaya, ku canza, ku zauna ku tashi sau biyar. Wannan yana rage faɗuwa, kuma mun san abin da karayar ƙugu ke yi wa tsoho.

Iyayena mata, na ji wata ta yi dariya da na ce tafiya. Kuna da gaskiya. Wadda ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta yi wanki a duƙe, ta goyi yaro tun safe, ba motsi ta rasa ba. Hutu ta rasa. Naku shi ne miƙa jiki da saki. Ki kwanta rigingine kan tabarma, ki jawo gwiwoyi zuwa ƙirji, ki yi numfashi biyar. Ki ɗora ƙafafu kan bango ko kan buhu na ƴan mintoci. In za ki ɗaga bokiti, ki lanƙwasa gwiwa, kada ki bar wa baya nauyin. Mu kuma maza, minti goman nan ba daga sama zai faɗo mata ba. Wani ne zai riƙe yaron, kuma wannan wanin kai ne.

Yanzu ku saurara da kyau, don nan ne ake kuskure. Numfashi da tafiya ba sa maye gurbin magani. Ni har gobe ina shan nawa, na kuma rage gishiri da magi, don OMS ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Wanda likita ya ɗora kan maganin hawan jini ko na sukari, kada ya bari don ya ji sauƙi. Mai ciwon ƙirji, mai haki da ɗan motsi, mai juna biyu, su tambayi likita kafin su fara. Akwai kuma ƴan uwanmu na wajen Madarumfa da Gidan Rumji, da baƙinmu da suka tsallako daga Zamfara, Sakkwato da Katsina tun 2019, waɗanda suka ga abin da ido bai kamata ya gani ba. Irin su, rufe ido cikin shiru yana iya dawo musu da abin. Su bar ido buɗe, su taka ƙasa da tafin ƙafa, su ambaci abu biyar da suke gani a gabansu. Wanda kuwa baƙin ciki ya hana shi ci da barci na makonni, ko yake jin gara ya mutu, wannan ba rashin imani ba ne, ciwo ne. A kama hannunsa a kai shi asibiti, kada a bar shi shi kaɗai.

Kada kuma wani ya fita daga nan ya ce mun ce talaka ya ja numfashi ya manta da haƙƙinsa. Numfashi ba ya sauke farashin masara, ba ya kawo ruwa a famfo. Amma ku tuna mutum nawa muka fara wannan tafiya da su, yau ba sa zuwa. Wasu ba ra'ayi suka canza ba, gajiya ce ta cinye su. Ku tuna taro nawa ya watse kan maganar da ba ta kai ta kawo ba, don kowa ya zo a ɗaure kamar ganga. Wanda ya yi barci ya fi iya sauraro, ya fi iya tsayawa gaban hukuma ya faɗi magana a tsare ba tare da ya zagi kowa ba.

Don haka ina roƙon abu uku. Na ɗaya, kowane zama namu, mu buɗe shi da minti uku na shiru da numfashi bayan addu'a. Na biyu, kowace unguwa a samu mutum uku ko huɗu da za su riƙa tafiya tare bayan Asuba, mata da nasu rukunin, don wanda ake jira a ƙofar gida ba ya komawa barci. Na uku, mu haɗa kuɗi mu sayi na'urar awon jini guda, mu nemi ma'aikacin lafiya cikinmu ya koya mana, a riƙa awo duk ƙarshen wata. A jihar nan aka fara asusun Mata Masu Dubara a 1991, da ƴan kuɗin da mata ke zubawa mako-mako, yau ana koyi da shi a ƙasashe da dama. Mutanen da suka iya wannan ba za su kasa sayen na'ura ɗaya ba.

Ni dai yau wata goma sha ɗaya ke nan ina tafiyata ta safe. Ba kullum nake cikawa ba, akwai ranar da lalaci ke kayar da ni, washegari in tashi in ci gaba. Awona ya sauko, barci ya dawo. Ƴar nan tawa kuwa, ita ce yanzu take buga mini ƙofa da asuba tana cewa, "Baba, rana za ta riga mu."

 Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya. Wanda yake son a auna shi, ma'aikaciyar lafiya tana bayan zaure da na'urar da muka aro, a bi layi, dattawa a gaba.