Ihu Bayan Hari: Abin da Shari'ar Bonny Za Ta Koya wa Mutanen Funtua

Yau ba ni da baƙo, ni kaɗai ne, kuma shari'a biyu zan kawo muku daga kudancin ƙasar nan. Na san wani zai ce, me ya haɗa ɗan Funtua da shari'ar bakin teku? To ku ba ni aron kunnuwanku.

Kogin Sakkwato a nan kusa da Funtua ya samo tushe. Daga nan ya bi ta Gusau, ya cika madatsar Bakolori, ya haɗu da Rima, ya gangara ya faɗa Kogin Kwara. Shi kuma Kwara ya kwashe ruwan har yankin Neja Delta, inda ruwan daɗi ke gamuwa da ruwan gishiri na teku. Ka ga ke nan mu ne a kai, su ne a ƙafa. A irin wannan mahaɗa kifi ke ƙyanƙyasa, kuma masunta dubbai da ita suka dogara, kamar yadda manomin rani ya dogara da fadamarsa.

Shari'a ta farko a kan tsibirin Bonny ce, a jihar Ribas, daidai bakin kogin Bonny. A shekarun 1990 aka tashi gina katafariyar masana'antar sarrafa iskar gas a wurin. Sai wani matashin lauya mai suna Oronto Douglas, wanda yana cikin lauyoyin da suka kare Ken Saro-Wiwa, ya maka kamfanin Shell da sauran masu hannu a aikin a Babbar Kotun Tarayya. Bai ce kar a yi aikin ba fa. Cewa ya yi a bi doka mai lamba 86 ta 1992, wadda ta wajabta a tantance illar da babban aiki zai yi wa muhalli, a kuma ji ta bakin jama'a, kafin a soma. Kotu ba ta ma duba ko an bi dokar ko ba a bi ba. Ta ce masa ba shi da hurumin shigar da ƙarar, tunda bai nuna wata cuta da ta same shi shi kaɗai ba. Ya ɗaukaka ƙara, kotun sama ta soke wancan hukunci, ta ce a koma a sake sauraro. Amma fa duk tsawon wannan lokaci aiki bai tsaya ba. A watan Oktoban 1999 jirgin farko ya tashi daga Bonny ɗauke da gas. Ya samu nasara a takarda, gini kuma ya riga ya tsaya.

Ta biyu kuma, a watan Mayun 2003 bututun man NNPC ya fashe a Acha, ƙaramar hukumar Isuikwuato ta jihar Abiya, mai ya malale cikin rafukan Ineh da Aku da mutanen garin ke sha. Wata ƙungiya mai rajista, Centre for Oil Pollution Watch, ta kai ƙara. Nan ma aka ce mata, ke a wa? Kotun ɗaukaka ƙara ita ma ta ce haka ne. Sai ranar 20 ga Yulin 2018 Kotun Ƙoli ta juya lamarin, Mai Shari'a Chima Centus Nweze ne ya karanta babban hukuncin. Kotun ta ce ƙungiya irin wannan tana da hurumin kai ƙara don kare muhalli da lafiyar jama'a, ko da ba ita ce ke shan ruwan ba. Ta jingina da sashe na 20 da na 33 na kundin tsarin mulkin 1999, da sashe na 24 na Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam. Wannan hukunci ya shafi kowace ƙungiya a Najeriya, har da ta unguwarku. Amma ku lissafa, daga 2003 zuwa 2018 shekara 15 ke nan, kuma abin da aka yanke kawai shi ne suna da ikon a saurare su. Yaron da aka haifa ranar da bututun ya fashe ya kusa gama sakandare.

To bari in dawo gida. Akwai wata fadama a bayan unguwarmu. Muna yara can muke kamun tarwaɗa da damina, da rani kuma dattawa su yi tumatir da albasa da rake. Na tafi bautar ƙasa na dawo, sai na tarar tifa na juye jar ƙasa, an kakkafa duwatsun fuloti. Mu 'yan boko abin da muka iya shi muka yi, muka hau Facebook muka yi ta rubutu, jama'a suka yi ta Allah wadai, muka ji kamar mun yi wani abu. Sai da harsashin gini ya kai taga muka je wurin wani yayanmu lauya. Ya saurare mu tsaf, sannan ya ce, "Ƙanena, ku su wane ne a takarda? Kuna da rajista? Kuna da hoton wurin kafin a cike shi? Kun taɓa rubuta wa wata hukuma ta buga muku hatimin karɓa?" Wallahi ko ɗaya ba mu da shi. Ya ce, "To kun zo ihu bayan hari." Da ruwan Agusta ya sauko bai samu makwancinsa ba, sai ya shiga gidajen da ke gangare. Wata gwaggona ranar a tsaye ta kwana, buhunan masararta uku suka jiƙe.

Kuma kar in ɓoye muku, cikin waɗanda suka sayi fulotin har da kawuna. Ya ce min, "Kai yaro, 'ya'yana tara, a ina kake so in sa su?" Ban da amsar da zan ba shi a ranar. Funtua na girma, ga tashar sauke kaya ta kan tudu, ga manyan motoci, ga 'yan'uwanmu da rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka suna neman inda za su sa haƙarƙarinsu. Duk wanda ya ce kar a yi gini, bai san halin da ake ciki ba. Abin da muke cewa shi ne a bar wa ruwa hanyarsa, don shi ma kawun nawa yanzu duk damina da fargaba yake kwana.

To me za mu yi daban? Na farko, a yi wa ƙungiya rajista da hukumar CAC tun ana zaune lafiya. Waccan ƙungiya ta iya tsayawa gaban Kotun Ƙoli ne saboda doka ta san da zamanta.

Na biyu, a tara shaida tun yau. Ku ɗauki waya ku je fadamarku, ku je gefen madatsar Mairuwa, ku ɗauki hoto da rani da damina mai ɗauke da kwanan wata. Ku zauna da dattawa su nuna muku inda ruwa ke kaiwa a shekarar da aka yi ruwa sosai, da inda burtali ya bi, ku rubuta.

Na uku, ku san dokar. Idan babban aiki ne, ana baje rahoton tantance muhalli na kwana 21 na aiki don jama'a su karanta su yi ƙorafi, kuma ana sanarwa a jarida. Mu nawa ne muka taɓa zuwa muka buɗe irin wannan rahoto? Sai dai in faɗa muku gaskiya, dokar ta fi kama manyan ayyuka, misali rukunin gidaje mai faɗin hekta 50 zuwa sama. Ƙaramar fadama irin tamu ba ta kai nan ba. Tata hanyar ita ce hukumar tsara birane da ƙaramar hukuma da masu unguwanni da hakimi. Ku je da ladabi, amma ku je da takarda, ku karɓo kwafi mai hatimi. Akwai kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatarka.

Na huɗu, in har za a je kotu, a je tun tifar farko, lauya ya nemi umarnin dakatar da aiki har a gama shari'a. Alƙali ya fi samun sauƙin cewa a dakata a kan fili fiye da cewa a rushe gidan da mutum ke ciki da iyalinsa.

Mu da muke gaɓar Kogin Sakkwato bai kamata a ba mu labari ba. Manoman Bakolori sun tashi neman diyyar gonakinsu bayan an riga an datse ruwa, kuma a Afrilun 1980 abin ya ƙare da zubar da jini. Ba ma fatan a maimaita, shi ya sa muke cewa a kama hanyar takarda da wuri.

Aikin da zan ba ku a wannan mako ƙarami ne. Kowa ya je fadama ko rafi mafi kusa da gidansu, ya ɗauki hoto, ya tambayi dattijo ɗaya sunan wurin na asali da masu nomansa. 'Yan Malumfashi da Bakori da Ɗanja da Dandume, har da ku. Ku ajiye da kyau, mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu yi magana a kan yadda ake rubuta takardar ƙorafi da hukuma ba za ta iya cewa ba ta gani ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ku huta lafiya.