Sanƙarau da Binciken da Aka Yi a Ƙofar Gidanmu

(Jawabin da wani likita, haifaffen Tudun Jukun, ya gabatar a taron reshen ƙungiyarmu)

 

Da takardar gayyatarku ta iso mini, na ga an rubuta cewa in yi magana a kan binciken likitanci, sai na ji tsoron kada in cika ku da sunayen magunguna har barci ya kwashe rabin zauren. Saboda haka na zaɓi in ɗauki cuta ɗaya da kowa a nan ya sani, in bi ta da ku. Cutar ita ce sanƙarau, kuma babban ɓangare na abin da duniya ta sani a kanta an gano shi ne a tsohon asibitin koyarwa na Tudun Wada, wanda daga unguwar nan mutum ke iya zuwa da ƙafa.

A shekarar 1977 ina firamare, annobar sanƙarau ta faɗa wa Zariya. Akwai wani yaro da muke zama benci ɗaya, mai kaifin kai a lissafi. Ya kwanta, ya yi makonni ba ya zuwa, ya warke, ya dawo. Daga nan sai ya zama ana kiransa ba ya amsawa, ana ba da umarni yana kallon taga. Malaminmu, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma ya ɗauka taurin kai ne ya shigi yaron, ya riƙa sa masa bulala. Kafin ƙarshen shekara yaron ya daina zuwa. Sai da na shiga makarantar likitanci na fahimci cewa cutar ce ta cinye masa ji. Har yau idan na tuna, nakan ji nauyin cewa ni ma ina cikin masu yi masa dariya.

Sanƙarau kumburi ne na tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar ƙashin baya. Ƙwayar cutar da ke kawo annobarsa tana zaune a maƙogwaron mutane da dama masu lafiya ƙalau, tana bin tari da atishawa da numfashi daga wannan zuwa wancan. Idan ba a yi magani ba, takan kashe kusan rabin waɗanda suka kwanta. Ko da magani, wajen ɗaya cikin goma kan rasu, kuma cikin waɗanda suka tashi, wajen ɗaya cikin biyar kan fito da tabo: kurumta, ko farfaɗiya, ko raunin fahimta. An fara rubuta labarin annobarsa a arewacin Najeriya a 1905. A 1963 wani likitan sojan Faransa mai suna Lapeyssonnie ya zana yankin da cutar ke yawan ɓarkewa, wanda a yau ake lissafa shi daga Senegal har Habasha, mu kuwa muna tsakiyarsa.

An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sashen koyon likitanci ya biyo baya a 1967. Farfesa Eldryd Parry ya zo ya jagoranci sashen cututtukan manya a 1969, shekara guda bayansa Brian Greenwood ya iso, ya yi shekara goma a Zariya. Tare da su akwai Hilton Whittle, da matasan likitocinmu irin su Sadiq Wali da Idris Mohammed, waɗanda daga baya suka zama manyan farfesoshi. Matsalar farko da suka tarar ita ce ta gane cuta. Ƙwayoyin cuta iri-iri ne ke kawo sanƙarau, kuma ba maganinsu ɗaya ba. Hanyar da aka saba ita ce a ɗebi ruwan laka ta ƙasan baya, a shuka shi a ɗakin gwaji, a jira kwana ɗaya ko biyu a ga abin da zai tsiro. Marar lafiyar da cuta ke iya kashewa a yini guda ba shi da wannan lokaci. Ga shi kuma idan an riga an saya masa ƙwaya a kemis kafin a kawo shi, sau da yawa ba abin da ke tsirowa.

A 1971 suka bayyana a mujallar Lancet wata hanya ta gano burbushin ƙwayar cutar a cikin ruwan laka ta amfani da lantarki, ba tare da jiran shuka ba. A 1974 suka kawo wadda ta fi ta sauƙi. Ana shafa wa wasu ƙananan ƙwayoyin roba sinadarin garkuwar jiki mai kama ƙwayar cuta iri guda, a haɗa da ɗigon ruwan marar lafiya a kan gilashi, a ɗan jujjuya. Idan cutar tana nan, cikin 'yan mintuna sai ka ga abin ya guda kamar madarar da ta tsinke. Ƙaramin asibiti a ƙauye ma yana iya yi.

A nan zan roƙe ku wata alfarma. Akwai maganar da ke yawo cewa ɗibar ruwan baya ita ke kashe yaro ko ta gurgunta shi. Ina fahimtar inda maganar ta samo asali: yaran da ake yi wa gwajin su ne waɗanda cutar ta riga ta yi wa mugun kamu, idan ɗaya ya rasu washegari sai a tuna da allurar, a manta da cutar. Allurar tana shiga ne ƙasa da inda laka ta ƙare, kuma likita yakan duba ya tabbatar babu haɗari kafin ya yi. Iyaye suna jin maganarku fiye da tamu, don Allah ku taya mu faɗa.

Matsala ta biyu ita ce magani. A lokacin, maganin salfa da aka dogara da shi shekaru da yawa ya fara gazawa, ƙwayar cutar ta saba da shi. Fenisilin yana aiki, amma allura ce da ake maimaitawa dare da rana na kwanaki. Ku yi tunanin lokacin annoba, marasa lafiya kwance a baranda da gindin bishiya, ma'aikaciyar jinya ɗaya ga mutum hamsin. Wa zai bi agogo? Sai suka tambayi kansu ko allura guda za ta wadatar. Suka fara gwada wani fenisilin mai daɗewa a jiki, sakamakon bai gamsar ba, kuma suka buga shi a haka. Sannan suka gwada kuloramfenikol da aka narkar a cikin mai, wanda ke sakin kansa a hankali daga tsoka. Manya 131 aka sa a gwajin, wasu suka sami allura ɗaya tak, wasu suka sami fenisilin na kwana biyar, aka ga warakar ba ta bambanta ba. An buga wannan a 1979, sunan Dokta Wali ne a gaba.

Ku lura da abin da suka yi, domin shi ne asalin binciken asibiti. Da sun ba kowa sabon maganin suka ga mafi yawa sun tashi, da ba su san komai ba, tun da wasu za su tashi ko da tsohon magani. Dole sai an raba marasa lafiya gida biyu, an kwatanta. A gwaji mai inganci kuma ba likita ke zaɓar wanda zai shiga wane gida ba, ƙuri'a ce ke zaɓa, don kada zuciya ta ja shi ya ba masu sauƙin ciwo maganin da yake so ya yi nasara. Ku da kuke juya takardar jarrabawa ku rufe sunan ɗalibi kafin ku yi maki, kun san dalili. Wannan allura ta mai ta zama makamin yaƙi da annoba a faɗin yankin na shekaru masu yawa, har sai da wani gwaji da aka yi a Maraɗi da Damagaram a 2003 ya nuna cewa allura guda ta seftiriyazon tana yin aiki daidai da ita.

Sun kuma bi wata tambaya da kakanninmu suka daɗe da lura da ita: me ya sa sanƙarau ke tashi a ƙarshen hunturu, ya yi ƙamari a bazara, ya lafa da saukar ruwan farko? Binciken da aka yi a yankin Malumfashi ya nuna cewa ƙwayar ba ta barin maƙogwaron jama'a da damina, tana ci gaba da yawo. Abin da ke sauyawa shi ne yawan waɗanda take kwantarwa. Masana sun fi karkata ga cewa bushewar iska da ƙura su ke raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro har ƙwayar ta sami ƙofar shiga jini.

Ba a kan sanƙarau kaɗai aka yi aiki a Tudun Wada ba, kuma iyayena mata ba za su yafe mini ba idan na tsallake maganar jego. Parry da Neil Davidson sun bi mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, masu zuwa da kumburin ƙafa da haki, suka buga sakamakon a 1978. Sun ɗora zargi a kan kunun kanwa, saboda gishirin da ke cikinta mai tara ruwa a jiki, da wankan jego, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Haka aka koya mana, haka muka koyar. Sai ga shi binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye ya jagoranta daga Kano, wanda aka buga a 2020, ya fi samun alaƙar cutar da rama, da hawan jini na ciki, da rashin aikin yi, da rashin zuwa makaranta. Ni dai har gobe ina hana mai jego mai kumburi shan kanwa, amma na daina ɗora wa kakanninmu laifin duka. Shi kuwa rashin zuwa makaranta, ku ya shafa kafin ya shafe ni.

Yanzu ga ɓangaren da ba shi da daɗin faɗa. A 1996 Najeriya ta ga annobar sanƙarau mafi muni a tarihinta: mutum 109,580 suka kamu, 11,717 suka rasu. Farfesa Idris Mohammed ne ya jagoranci kwamitin yaƙi da ita na gwamnatin tarayya. A tsakiyar wannan tashin hankali kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara wajen 200 aka sa, 11 suka rasu, biyar cikin waɗanda aka ba Trovan, shida cikin waɗanda aka ba ɗaya maganin. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce an nemi yardarsu da baki, kuma cutar ce ta kashe yaran. An yi shekaru ana shari'a, a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. A nawa ganin, asarar da ta fi kuɗi ita ce amana. Lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, sunan Trovan na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi, kuma yaran da suka shanye a shekarun da suka biyo baya ba su san komai a kan wannan rigima ba.

Tun 2007 ƙasar nan tana da rubutacciyar ƙa'idar binciken lafiya. Idan aka zo makarantarku ko gidanku da maganar bincike, haƙƙinku ne a yi muku bayani da Hausa, a nuna muku amincewar kwamitin kula da ɗa'ar bincike, a gaya muku wanda zai ɗauki nauyi idan wani abu ya faru. Wanda ya ƙi shiga ba a hana shi magani, wanda ya shiga yana iya fita ranar da ya so. Sa hannun shugaban makaranta ba ya maye gurbin yardar uba da uwa. Ku kuma bambance bincike da rigakafin da aka riga aka gama gwadawa, don kada gudun gara ya kai mu gidan zago.

Rigakafin kuwa ya yi abin da ba mu zata ba. An fara ba da MenAfriVac a Burkina Faso a Disambar 2010, ya iso jihohinmu daga 2011, kuma nau'in A da ya addabi Zariya a 1977 ya kusan ɓacewa daga yankin baki ɗaya. Amma a 2017 nau'in C ya ɓarke daga Zamfara, ya kama sama da mutum 14,000, ya kashe fiye da 1,000. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabon rigakafi mai kare nau'i biyar a allura guda.

Malamai, daga Janairu zuwa Mayu idanunku su ne gwajin farko. Yaron da zazzaɓi ya rufe farat ɗaya, da ciwon kai mai tsanani, da amai, wuyansa ya ƙi sunkuyawa, haske yana damunsa, ko ya fara sambatu, kada a kwantar da shi a bayan aji a jira tashi, kada kuma a tura shi gida shi kaɗai. A kai shi asibiti a wannan sa'ar, a sanar da iyaye a hanya. A jarirai wuya ba ya cika sanƙarewa, maɗiga ce ke kumbura, ga ƙin nono da kuka marar yankewa. Ku buɗe tagogin aji ko da ƙura, tun da na san yawan yaran da kuke tarawa a ɗaki guda ba zaɓinku ba ne.

Yaron da ya dawo bayan jinya kuma, ku tsaya a bayansa inda ba ya ganin bakinku, ku kira sunansa a hankali, ta dama sannan ta hagu. Idan bai waiwayo ba, ku dawo da shi bencin gaba, ku rubuta wa iyayensa takarda su kai shi a auna jinsa a sashen kunne na asibitin Shika, cikin makonnin farko, kafin a makara.