Sikeli ba ya faɗin komai: tsoka, kitse da ciwon dajin hanji

Yau zancenmu a kan ciwon daji ne na babban hanji da dubura, musamman abin da jikin majiyyaci yake ɗauke da shi a ranar da zai fuskanci magani.

Bari in fara da kasuwar shanu ta Adumri. Gogaggen mahauci ba ya sayen sa don girmansa kawai. Sai ya kai hannu ya danna cinya, ya shafa gadon baya, don ya san nama ne a ciki ko kuwa kitse da tumbi. A gafarce ni, ba a haɗa ɗan Adam da dabba, amma abin da mahauci ya daɗe da sani, shi likitocin daji suka tabbatar a shekarun nan. Mutum biyu za su hau sikeli, kowanne kilo 70, ɗaya tsoka ce ta yi masa nauyi, ɗayan kitse ne da ruwa. Idan aka shiga da su ɗakin tiyata, ba lallai su fito iri ɗaya ba.

Cutar ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 sama da mutum miliyan 1.9 ne suka kamu da ita, ta kuma kashe fiye da 900,000. Ita ce ta uku a yawa cikin cututtukan daji, ta biyu a kisa. A wajenmu tana shigowa ne da rigar basir. Mutum ya ga jini a bayan gida, sai ya ce basir ne, ya sayi jiƙo. Gudawa da taurin ciki su riƙa karɓa-karɓa, sai a ce atini ne. Kafin a kai ga asibiti an shafe watanni, wando ya fara zamewa daga ƙugu. Jama'a, jinin da ya ƙi tsayawa, ko sauyin bayan gida na makonni, ko rama da kasala ba dalili, maganarsu ta likita ce.

To mene ne ruwan tsoka da wannan ciwo? Tsoka ita ce rumbun jiki. Idan an yi wa mutum tiyata, jiki yana buƙatar sinadarin furotin don ɗinke rauni da yaƙar ƙwayoyin cuta, kuma daga tsoka yake ɗiba idan abinci bai wadatar ba. Shi kuwa ciwon daji yana sa jiki ya riƙa cinye tsokarsa tun kafin a gano shi. Wanda ya zo da rumbu cike zai iya jure rani. Wanda ya zo da rumbu wayam, ƙaramar matsala ma tana iya kayar da shi.

Likitoci suna auna wannan ne da hoton sikana, wanda dama ake ɗauka don ganin inda cutar ta kai. Suna duba yanki guda daidai ƙashin baya na uku a sashen ƙugu, su ga faɗin tsoka, da kitsen ƙarƙashin fata, da kitsen da ya nannaɗe hanji. A shekarar 2008 masu bincike a lardin Alberta na ƙasar Kanada suka duba masu ƙiba 250 da ke fama da dajin huhu ko na hanyar abinci, suka tarar kashi 15 cikin ɗari ƙibar ce kawai, tsokar ta zube, kuma waɗannan sun fi saurin rasuwa. A 2017 wani bincike a Kalifoniya ta Amurka ya bi mutum 3,262 masu dajin babban hanji da dubura wanda bai bazu ba. Kashi 42 cikin ɗari suna da ƙarancin tsoka tun ranar da aka gano cutar, kuma haɗarin mutuwarsu ya ɗara na sauran da kashi 27 cikin ɗari.

Ku lura da wannan, don mu nan mun saba yaba ƙiba. In an je dubiya sai ka ji ana cewa, "Ai Alhaji da sauƙi, dubi jikinsa bai faɗa ba." Alhali teɓar ce ta rage, cinyoyi da damatsa sun tafi. Wani lokaci ma kumburin ƙafa ko ruwan ciki ne yake riƙe nauyin. Kitsen cikin ciki kuma yana wahalar da aikin tiyata, yana ƙara yiwuwar rauni ya yi ruwa. Haka nan maganin daji da ake sawa ta jijiya, da tsawo da nauyin mutum ake lissafa shi. An lura cewa mai ƙarancin tsoka ya fi shan wuyarsa, har ya kai ga rage maganin ko dakatar da shi a tsakiya.

Kada wanda ba shi da halin sikana ya ce maganar ba tasa ba ce. Akwai awon da za a yi a tsakar gida. Na farko nauyi: wanda ya zubar da fiye da kashi 5 cikin ɗari a wata shida ba da niyya ba, wato kamar daga kilo 60 zuwa ƙasa da 57, a gaya wa likita. Na biyu, a karɓi tef ɗin tela a zagaya sha-raɓa inda ta fi kauri. Ga dattijo, ƙasa da santimita 31 alama ce ta gargaɗi. Na uku, ya zauna a kujera ya rungume hannuwa a ƙirji, ya tashi ya zauna sau biyar. In ya wuce daƙiƙa 15, ƙarfin ƙafa ya ragu. A rubuta sakamakon a ɗan littafi duk mako biyu, a tafi da shi asibiti.

Sai abinci. Masana suna shawartar mai ciwon daji ya sami furotin fiye da giram 1, har zuwa giram 1.5, a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum. Mai kilo 60 ke nan yana neman giram 60 zuwa 90. Ƙwai ɗaya yana ba da kamar giram 6, kofin madara kamar 8, ɗanyen kifi mai giram 100 kamar 20. Allah ya hore mana kifin Lagdo da na Binuwai, ga kindirmo, ga wake, ga gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Abin takaici, majiyyaci a gidajenmu kunu tsurarsa ake ɗura masa safe da yamma. Uwargida, a dama kunun da gyaɗa da madara, a ba shi kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida. Nono kuwa a tabbata an tafasa shi kafin a kwantar. Sai dai mai ciwon ƙoda, ko wanda ƙarin ya fara toshe masa hanji, ko wanda bai daɗe da fitowa tiyata ba, kada ya sauya abinci sai da izinin likitansa.

Na biyun abinci shi ne motsi. Muna nuna ƙauna ta hanyar cewa, "Baba kwanta, kada ka motsa." Kwanciya kuwa tana cin tsoka cikin 'yan kwanaki. A 2025 an wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi galibi a Kanada da Ostareliya kan mutum 889 da suka gama tiyata da maganin dajin babban hanji. An haɗa rabinsu da mai horarwa na shekara uku, yawancinsu tafiyar sauri suka riƙa yi, sauran aka ba su takardun shawara kawai. Bayan shekara takwas, kashi 90 cikin ɗari na rukunin farko suna raye, na biyun kashi 83. A zafin Garwa na watan Maris da Afrilu ba wanda zai ce ka fita da tsakar rana. Bayan asuba ko gab da magariba, ɗa ko ƙane ya raka shi, a fara da minti goma, a riƙa ƙarawa gwargwadon ƙarfinsa.

Mun san wahalar da ke kan iyalai. Sau da yawa daga asibitin Garwa sai an tura mutum Yaunde ko Duwala: mota zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa na dare, ga jiran kuɗi su haɗu. Makonnin jiran nan kada su tafi a banza. Lokaci ne na ciyar da shi da tattaka ƙafa, don ya isa gaban likita da sauran ƙarfinsa. Kuma in ana kasafin kuɗin mota da na magani, a ware na ƙwai da kifi a ciki. Amma a sani, abinci da motsi ba sa cire ƙari. Taimakon tiyata da magani suke yi, ba sa maye gurbinsu.

In kun je ganin likita, ku tambaye shi kai tsaye: "Likita, yaya tsokarsa take a hoton nan, kuma me zai ci kafin aiki?" Tambaya ce mai kyau, ba rashin kunya ba ce.

Nan za mu dakata sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti, ya saka wa masu jinya da alheri. A huta lafiya.