Darasin Zaman Tare a Babbar Kasuwar Injamena

A jami'o'in Nijeriya, har da ta Maiduguri, sabon ɗalibi sai ya zauna darasi kan al'ummomi da al'adunsu, ko da likita zai zama. To, mu namu ajin Babbar Kasuwar Injamena ce, gefen Masallacin Sarki Faisal. Bahaushe, Bafulatani, ɗan Sara, kowa da Larabcin Chadi yake ciniki. Inda gizo ke saƙa shi ne takarda. A baki riyal ake ƙirgawa, takarda kuwa sefa take rubutawa, galibi da Faransanci, alhali riyal ɗaya sefa 5 ne. Makiyayin da bai yi boko ba, nan ake cutarsa. Ɗalibai 'yan hutu, don Allah ku karanta wa baffa rasit kafin ya kwance lalitarsa.