Ko Mahaukaciyar Guguwa Za Ta Iso Gobir?

Masu sauraronmu daga Sabon Birni da Isa sun aiko suna tambaya ko mahaukaciyar guguwar teku za ta iya iso mana.

To, jama'a, ku kwantar da hankalinku, sai kan teku mai ɗumi take tashi. Amma fa hadarin gabas da muke gani da damina, wani lokaci shi ne tushenta. In ya wuce Sanagal ya hau Tekun Atlantika, sai ya sha tururi, ya yi ta juyawa, har iskarsa ta kai kilomita 119 cikin awa ɗaya. Haka guguwar Andrew ta faro a 1992, ta je ta rusa dubban gidaje a gaɓar Florida, Amurka.

Mu dai a ɗaure jinka da kwano tun kafin ruwan fari. Allah Ya kiyaye.