Tsohon gem a sabon kwali: ya ci kuɗinsa?

 Yau za mu taɓo wata haja da ƴaƴanku suka fi ku sani, amma daga aljihunku kuɗinta ke fita: wasannin bidiyo, waɗanda yara ke ce wa gem. Kamfanonin Japan da Amurka sun lura cewa yaran da suka yi wasan Mario shekaru talatin baya yanzu magidanta ne masu albashi. Sai suke tono tsofaffin wasannin suna sake sayar musu. To, cinikin adalci ne?

A watan Satumban 2020 kamfanin Nintendo ya haɗa wasannin Mario uku a kwali ɗaya, na 1996, na 2002 da na 2007, ya sa musu dala 60, kusan jika 35 na sefa ke nan, kuɗin akuya a wasu kasuwanni. Gyaran da aka yi musu bai taka kara ya karya ba, an dai ɗan wanke hoton. Abin da ya fi ɓata wa mutane rai shi ne wa'adi: kamfanin ya ce daga ƙarshen Maris na 2021 ya daina sayarwa. Ɗan kasuwa, ka san wannan dabarar, "saura kaɗan, in ka tafi ba ka dawo ka tarar ba." Amma buhun gero yana ƙarewa da gaske, shi kuwa wasan da ake saukewa ta intanet ba ya ƙarewa, kamfani ne ya ƙirƙiro ƙarancin. Kuma ta biya shi, ya sayar da fiye da miliyan 9.

Sony ma ya gwada a Disamban 2018 da wata ƴar ƙaramar na'ura, PlayStation Classic, wasanni 20 a dala 100. Wasu daga ciki irin na kasuwar Turai ne, masu tafiyar hawainiya. Kasuwa ta ƙi, cikin makonni aka karya farashi. Na GTA ya fi muni: a Oktoban 2021 kamfanin Rockstar ya janye tsofaffin wasanninsa uku daga shagunan intanet, a Nuwamba ya kawo "gyararru" a dala 60 cike da kurakurai, har sai da ya fito ya ba da haƙuri.

Kar ku ce na ɗora wa kamfanoni laifi duka. Wani bincike da cibiyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa a lokacin. Na'urori suna mutuwa, faifai yana karcewa. Wanda ya farfaɗo da tsohon wasa har ya yi aiki a talabijin ɗin yau ya yi gumi, a biya shi. Na'urar NES Classic ta 2016, wasanni 30 a dala 60, dala biyu-biyu ke nan, ni a ganina ta ci kuɗinta, sai dai ƴan kaɗan aka ƙera, masu ɓoye kaya suka ninka farashi.

Inda nake so makiyayi ya kasa kunne shi ne mallaka. Yanzu Nintendo yana ba da tsofaffin wasanni da yawa ne ta kuɗin shekara. Ranar da ka daina biya, an rufe ƙofa. A habbanaye, in ka mayar da saniyar aro, ƴan maruƙan da ta haifa naka ne. A nan ko igiya ba a bar maka.

Ku kuma masu saro kayan lantarki daga Kano zuwa Maraɗi ko Ƙonni, kun ga ƴan sandunan nan da ake maƙala wa talabijin, an rubuta "wasanni 10,000" a kwali. Galibinsu kwafi ne ba da izinin masu wasan ba, kuma sau da yawa wasa ɗaya ne ake maimaitawa da suna daban-daban. Kafin ka ɗauki katan, sa mai shago ya jona ɗaya a gabanka, ka buɗe goma daga tsakiyar jerin, ka ga nawa ne suke tashi.